Damben da Gulbi Ya Hana

Akwai rana ɗaya a rayuwata da ko tsufa ya kai ni inda za ni riƙa rikita sunayen jikokina, ita dai ba za ta fita kaina ba: ranar da surukina ya zo duba mahaifina yana kwance rai a hannun Allah, maimakon ya ce masa sannu sai ya neme shi da faɗa. Ba za ni kama sunan kowa ba a labarin nan. Ɗaya ubana ne, ɗaya uban mijina, to da wane bakin za ni kira su?

Abin da ke yawan tayar mini da ita shi ne samarin da ke zama a rumfar maigidana, nan ƙofar gidanmu a Sabon Birni. Ta kan katanga nake jin su. Sai su haɗa kai a kan waya ɗaya suna kallon tsofaffin zakarun damben Turawa, manyan nan masu nauyi, su kama gardamar da wane ya gamu da wane lokacin da kowannensu ke ganiyarsa, wa zai kwanta. Wannan ya ce nasa ya fi tsawon hannu, wancan ya ce ai nasa ƙafarsa ba ta zama wuri ɗaya balle a same shi. Mutanen da ba su ma yi zamani ɗaya ba, wasu sun daɗe a ƙasa, amma yaran nan har jijiyar wuya ke tashi. Da can nakan leƙa in ce su tashi su nemi aikin yi. Yanzu ba na cewa, kuma ga dalili.

Mu rundawa ne, mahauta kaka da kakanni, dambe kuwa a gidanmu tashi ake a gan shi. Babana, da ƙuruciyarsa, babu filin da ba a san shi ba daga ƙauyenmu na wajen Gatawa har cikin Nijar. Dogo ake ce masa. Ba ya yawan saki. Zai yi ta zagaya mutum yana auna shi da hannun kariya, in ya saki na dama sau ɗaya sai dai a kawo ruwa a yayyafa wa mai tsautsayi. A dambe kai mutum ƙasa shi ake kira kisa, kowane zagaye kuma turmi. Ni ban gani da idona ba, lokacin da na yi wayo ya riga ya ajiye. Amma na taso ina ganin karansa, igiyar nan da ake naɗe hannu da ita, rataye a ɗakinsa, ta yi baƙi ƙirin don gumi, kuma ko mahaifiyarmu ba ta taɓa ta.

A can garin Isa kuma, a daidai wannan zamanin, akwai wani gajere mai faɗin ƙirji da ake kira Bahago, don da hagu yake kai mutane ƙasa. Shi ma ba a taɓa kayar da shi ba. Kowa na son ya ga an haɗa su. Wata kaka, kafin a haife ni, aka sa rana a Isa. Makaɗa suka bi kasuwanni suna shela, mutane suka taho a kan jakuna da raƙuma, wasu a ƙafa, aka share fili, Bahago ya naɗe hannu ya fito. Aka jira Dogo har rana ta faɗi bai zo ba. Da aka tambaye shi daga baya sai ya ce gulbi ne ya cika ya hana shi ƙetarewa. Daga nan ba a sake haɗa su ba, don Bahago bai ƙara kaka biyu ba ya ajiye dambe.

To, tun daga ranar gardama ta kafu. Mutanen Isa suka ce gulbin me, da kaka? Tsoro ne kawai. Namu suka ce Allah ne ya yi Bahago na da sauran shan ruwa. Ruwan gulbin nan a bakin namu kullum ƙaruwa yake, daga ƙugu ya kai wuya, daga wuya ya shanye raƙumi da mahayinsa. A bakin mutanen Isa kuwa ƙafewa yake har ya koma yashi. Sai Allah da ikonsa ya haɗa ni aure da ɗan Bahago. Ni kuma ban iya haɗiye magana ba, kowa ya san ni da wannan. Watanmu uku da aure maigida ya yi suɓul da baka ya ce ai da Baba ya je da ya sha ƙasa. Na yi kwana huɗu ina zuba masa miya ba man shanu, bai sake ba. Su dai tsofaffin biyu, in suka gamu wajen suna ko biki, sai gaisuwar surukai da girmama juna. Shekara goma sha biyar da aurena ban taɓa jin ɗayansu ya ɗauko wa ɗaya zancen ba.

Sai zaman ƙauye ya gagara. 'Yan bindiga suka matsa wa yankinmu, yau a kore shanu, gobe a hana zuwa gona, har Baba, da ya rantse ba inda za shi, ya yarda ya dawo wurinmu cikin gari. Mahaifiyarmu ta riga ta rasu. Ya iso da 'yar jaka ɗaya: riguna biyu, carbi, wuƙarsa ta fawa da karan nan. Bai cika wata biyar ba, wata la'asar yana alwala, buta ta suɓuce masa ya kife a wurin. Da muka dawo daga asibiti ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya ɗan karkace, hannun nan da ake yi wa kirari yana kwance a gefensa kamar ba nasa ba.

Ma'aikacin da ke zuwa yi masa gashi ya gaya mana akwai sauran rai a hannun da ƙafar, in har zai dage. Ya ba shi wata 'yar ƙwallon roba ya ce ya riƙa ƙoƙarin matsawa. Baba ya dube ta, ya bar ta ta gangara ƙarƙashin gado. Magana yana iyawa, da nauyi dai, amma ya daina, daga "i" sai "a'a". Ya juya fuska bango. Koko ludayi biyu zai sha ya kau da kai. Na yi masa farfesun kayan ciki, na dama masa fura da nonon da Bafillatanar da muka saba take kawo mini da ɗuminsa, ba abin da ya wuce maƙoshinsa. A gabana mutumin nan ke narkewa, kullum in na ɗaga shi sai in ji ya fi jiya sauƙin ɗauka.

Ni kuma sai na kafa doka, kuma a nan ne na tafka wautata. Na ce kada wanda ya kuskura ya ambaci dambe a gidan nan. A tunanina, mutumin da hannunsa ya mutu, tuna masa abin da hannun ya yi a da ai yanka ne. Na lallaɓa na zare karan daga jakarsa, na jefa cikin wata tsohuwar tukunya a ɗakina na rufe. Tsohon makaɗinsa, wanda ya yi shekaru yana bin sa fili-fili, ya zo dubiya da kalangu a hammata, na tare shi a zaure na ce ko ya ajiye ko ya koma. Masu dubiya kuwa har koya musu na yi: a shiga a hankali, a yi ƙasa da murya, a ce sannu Baba, Allah ya sa kaffara ne, a fito. Ni kaina a yini nakan ce masa sannu ta fi sau ɗari. Ina goge masa baki, ina gyara masa matashi, ina yi masa magana da irin muryar da nake yi wa jariri. Wallahi so ne, ba ni da wani nufi sai so. Amma a mako na shida maigida ya ja ni gefe ya ce yana ganin a fara sanar da dangi na nesa su zo su gana da shi. Na shiga madafa na yi kuka har tuwo ya kama.

Surukina ya so zuwa tun farko, maigida ne ke hana shi ta waya, don hanyar Isa a lokacin ba a bin ta sai an ga hali. Motoci kan taru su taho tare ranar kasuwa, kowa bakinsa da addu'a. Ran nan dai, ranar kasuwa wajen azahar, sai ga shi a ƙofar gida, ya sauko daga bayan motar 'yan albasa, hula a karkace, da ƙunshin takarda a hannu. Na durƙusa na gaishe shi kaina a ƙasa kamar kullum. Na raɗa wa maigida ya sanar da shi dokar gidan. Tsohon ya saurara har ƙarshe, ya ce to, ya ji.

Ya shiga ɗakin, na bi shi da kwanon ruwa. Bai ce sannu ba. Ya tsaya ya daɗe yana kallon bayan Baba, sannan ya ja tabarma har jikin gado ya zauna. Ya buɗe ƙunshinsa, gasasshen nama ne yana ta ƙamshi, ya fara ci shi kaɗai. Sai da ya haɗiye tsoka biyu sannan ya yi magana, da ƙarfi kamar yana tsakiyar kasuwa.

"Dogo, ashe haka ka koma? To, akwai maganar da nike riƙe da ita shekara arba'in, kunyar surukuta ta hana ni hwaɗi. Tunda na ga shirin tahiya kakai, gara ka ji ta da kunnenka. Da ka zo Isa ran nan, turmin hwarko za ni kashe ka."

Kwanon ruwan ya suɓuce mini. Ni da ban taɓa ɗaga ido na dubi mutumin nan ba, sai na ji bakina ya ce, "Haba Baba!" Maigida ya riƙe mini hannu ya ja ni bakin ƙofa. Surukina ko waiwaye bai yi ba. Ya ci gaba da zuba bayani yana tauna. Ya ce dogon mutum haƙarƙarinsa a buɗe yake. Ya ce an gaya masa Dogo in zai saki yakan sauke hannun kariya, shi kuwa gajere shigewa zai yi ta ƙarƙashi, naushin hagu kuma ta inda dogo ba ya dubawa yake fitowa. Ya ƙare da cewa gulbin nan ma ya aika an duba masa washegari, akuya ta ƙetare shi cikinta bai jiƙe ba.

Ina tsaye ina tsara kalmomin da za ni fitar da uban mijina daga gidana ko da aurena zai mutu a kai. Sai na ga kafaɗar Baba ta motsa. A hankali, da ƙyar, ya juyo da fuskarsa daga bango, abin da ya yi makonni bai yi da kansa ba. Ya dubi surukina da wani ido da na manta yana da shi.

"Ƙarya kakai."

Ya ce da maigida ya ta da shi zaune. Aka jingina shi da matashi biyu. Maganar na fita da nauyi, wata kalmar sai ya maimaita, amma ba ta tsaya ba. Ya ce Bahago in yana son ya kai ga haɓarsa sai an ɗora shi a kan kujera. Ya ce masu hagu uku ya kashe a rayuwarsa, kowanne ya fi wannan tsawo da hankali. Surukina ya ce waɗannan ai ya tarar da su sun ci zamaninsu, ɗaya ma furfura ta fara fito masa. Suka koma kan wani ƙato na Tsamaye da dukansu suka taɓa dambatawa da shi. Baba ya kashe shi a turmi na uku, surukina a na biyu, don haka in ji surukina magana ta ƙare. Baba ya ce ai shi ya fara lallasa mutumin, ragowa Bahago ya samu, kuma kowa ya san shekarar kurkunu ya kama ƙafar ƙaton, da ƙafa ɗaya ya shiga fili. Surukina ya ce kurkunun a ƙafa yake, shi kuwa a haɓa ya same shi.

Hayaniyar ta kai rumfa. Dattawan mahauta da suka zo cin kasuwa suka fara shigowa ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya tuna da dokata, ɗakin ya cika har tsakar gida. Wani ya ce sai an fayyace wane Dogo ake nufi, na kafin aure ko na bayan aure, don ba ɗaya ba ne. Wani ya ce a yashi za a yi ko a tsandauri, don gajere ya fi kafuwa a yashi. Wani ma cewa ya yi a duba wanda rana za ta daka wa ido. Kowa ya zama alƙali a kan damben da ba wanda ya gani. Tsohon makaɗin nan da na kora, ban san wa ya kai masa labari ba, sai ganin sa na yi a rakuɓe bakin ƙofa da kalangunsa, yana satar kallona.

Ni hankalina na kan jinin Baba kada ya hau, shi ya sa na ga abin da sauran ba su lura da shi ba. Surukina ya ɗora takardar naman a gefen gado, wai don ya sami hannu biyu na nuna yadda zai shige. Yana cikin zuba yana tura ta da gwiwar hannu kaɗan-kaɗan, har ta kai jikin Baba. Baba na tsakiyar ba da amsa ya sa hannun hagu ya ɗauki tsoka ya kai baki, bai ma san ya yi ba. Ya tauna, ya yamutsa fuska ya ce wannan yankan Isa ne, ba su taɓa iya yanka ba. Ya sake ɗauka. Bakwai na ƙirga. Sai daga baya, da nake tattara takardar, na lura an yayyanka naman ƙanana-ƙanana, an gasa shi ya yi laushi tuɓus, ba yadda mahauci ke yi wa kansa ba.

Can magana ta kasa Baba, ya so ya nuna yadda zai tari Bahago in ya shigo. Kafaɗar dama ta yunƙura, hannun bai bi ta ba. Ya sake yunƙurawa, hannun na nan kwance. Wasu suka sunkuyar da kai. Abin da na yi mako shida ina gudu ke nan. Na ga hasken idonsa ya fara ja da baya, na ga wuyansa na shirin komawa bango, bakina har ya buɗe zai ce sannu. Surukina ya riga ni.

"Yo wa ka nuna dambe da hannu tsirara? Ina karanka? Ko shi ma gulbi ya tahi da shi?"

Baba ya ɗago ya nemo ni a bakin ƙofa. Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa na ci. Ya ce, "Uwata, ɗauko mani abin da kinka ɓoye." Ashe ya sani tun ranar. Na tafi ɗaki na buɗe tukunyar na kawo, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Surukina ya durƙusa, ya ɗora mataccen hannun nan a kan gwiwarsa. Ya karɓi tsumma ya shimfiɗa, ya lanƙwasa yatsun ɗaya bayan ɗaya, da ya saki sai su buɗe. Ya ce shi ba ya naɗe hannun da bai dunƙule ba, in Dogo na so ya dunƙule da kansa, in ba ya so a mayar da karan tukunya. Baba ya zuba wa hannun ido. Gumi ya keto masa a goshi, jijiyar wuyansa ta miƙe, numfashinsa kaɗai ake ji a ɗakin. Sai na ga babban yatsan ya motsa, ya kwanto a kan sauran, sauran suka ɗan riƙe. Surukina bai ce madalla ba. Ya fara naɗi kawai, zagaye bayan zagaye, a natse, Baba na ce masa ya yi sako-sako, ya ƙara ja, ko a Isa haka ake naɗi. Makaɗin ya dube ni. Na gyaɗa masa kai, ya sa kalangu a hammata ya ɗauko taken Baba ƙasa-ƙasa. Ban taɓa jin taken ba sai ranar, amma dattawan da ke ɗakin na ga wasu na share ido da bakin riga.

Baba ya ɗaga hannun. Bai fi taƙi ɗaya ya tashi daga gwiwar ba, ya tafi yana rawa ya faɗa a ƙirjin surukina. Na ɗauka tsohon zai yi baya ya dafa ƙasa don ya faranta masa, ni da haka za ni yi. Ko gezau. Ya kakkaɓe rigarsa ya ce sauro ma ya fi wannan zafi. Ya ce zai dawo kasuwa mai zuwa in hanya ta yi kyau, in Dogo ya iya kai hannun ga haɓarsa sai su yi magana, kafin nan ba shi da lokacin ɓatawa. Baba ya ce ya zo da wanda zai ɗauke shi. Ranar da yamma ya shanye kwanon fura, ya ce kuma ta yi ruwa.

Da la'asar surukina ya fito zai bi motocin kafin rana ta yi sanyi. Na same shi a zaure yana sa takalmi, na durƙusa na ba shi haƙuri kan bakin da na ɗaga masa. Ya ce in tashi, ba komai. Sai ya naɗe hannun rigarsa ya nuna mini wuyan hannunsa na hagu. A karkace yake, na daɗe ina gani ban taɓa tambaya ba. Ya ce zai gaya mini wata magana amma kada Baba ya ji daga bakina. Su biyun yanzu duk sun riga mu gidan gaskiya, shi ya sa nake faɗa.

Ya ce kwana uku kafin ranar damben, wani bijimi ya fizge igiya wajen kayarwa ya murɗe masa hannun, ƙashi ya tsage. An riga an yi shela, ƙuruciya kuma ta hana shi cewa ya fasa, sai ya ɓoye, ko makaɗinsa bai sani ba. Ana gobe dambe yana rumfarsa a kasuwa yana yanka da dama, hagun a cikin riga, sai wani dogon baƙo da ya rufe rabin fuska da rawani ya tsaya yana kallon yadda wuƙar ke tafiya a karkace. Mai saye ba zai lura ba, amma mahauci ɗan'uwansa kallo ɗaya ya ishe shi. Baƙon ya sayi nama, wajen karɓa ya kama wuyan hagun ya ɗan matsa, saura kaɗan ya ƙwalla ihu. Baƙon ya ce a kai shi ga mai ɗori, ya juya ya tafi. Sai da shekara ta zagayo ya ga Dogo a wani fili ya gane idon. Ashe gulbin da ya hana Baba zuwa, ana gobe ya ƙetare shi sau biyu.

"Da ya shigo hili ran nan, ɗiyata, da hannun ga ya tahi har abada. Da ko wuƙa ban ƙara riƙewa ba, balle in ciyar da mijinki. Yaz zaɓi a ce mashi matsoraci, ni ko na bari ana ce mashi, don sunan ya yi mani daɗi. Wanga mutum za ni zo in ce ma sannu?"

Karambanina bai bar ni ba, na ce to da hannun lafiya lau fa, wa zai kwanta? Ya gyara hularsa, idonsa ya kawo ruwa, yana dariya. "Turmin hwarko," in ji shi, ya fita.

Washegari Baba ya ce a zaro masa ƙwallon nan daga ƙarƙashin gado. Duk ranar kasuwar da hanya ta yi kyau surukina na tafe da ƙunshinsa, in hanya ta ɓaci a buɗe muryar waya a yi ta nan. Gardamar ba ta taɓa matsawa ko taku ɗaya ba, ƙaton Tsamaye da kurkununsa sai da na haddace su. A wata na biyu Baba ya fara takawa da sanda zuwa rumfa. A na huɗu hannun ya kai haɓar surukina, shi kuwa ya ce sunkuyawa ya yi zai ɗauki goro. Hannun bai koma yadda yake ba, amma ya riƙe ludayi, ya riƙe carbi, ya riƙe jikarsa ranar suna. Sau ɗaya na gwada shi, ina yanke masa farce na ce, Baba, wai gulbin nan da gaske ya cika? Ya dube ni ya ce har wuya, in ci gaba da aikina.

Shekara biyu da 'yan watanni muka ƙara da shi, sannan Allah ya karɓi abinsa, cikin sauƙi, bayan sallar azahar. Ranar addu'ar uku maza na zaune a zaure, mu mata muna tsakar gida, zana kaɗai ta raba mu. Surukina ya yi kwana ukun nan ba a ji muryarsa ba. Wani dattijo, don ya ɗan sassauta zaman, ya ce to Bahago, yanzu da Dogo ya tafi sai ka faɗi gaskiya, da an yi wa zai kwanta? Na ji surukina ya yi gyaran murya ya ce, turmin hwarko za ni kashe shi. Ta hujin zana na hango shi, ya karkata kai wajen ƙofar ɗakin Baba yana jira. Ba wanda ya amsa. Mazan duk sun sunkuyar da kai, wani har ya ce masa sannu, sai haƙuri. Na ga kafaɗun tsohon nan sun fara saukowa, irin saukowar da na sani.

Ban yi shawara da kowa ba. Daga bayan zana, a gaban dangina da dangin mijina, na ɗaga murya na ce, "Ƙarya kakai, Baba!"

Matan suka dafe ƙirji, gwaggona ta mintsine ni har sai da wurin ya yi kwana biyu yana zafi. A zaure kuwa na ji tsohon ya fashe, dariya da kuka a haɗe, yana cewa, "Madalla, ɗiyar Dogo. Madalla." Daga ranar har ya bi abokinsa, ni na gaji gardamar, kuma ban taɓa sassauta masa ba.

Abin da na koya ke nan, kuma da tsada na koye shi. Na kusa binne ubana da ransa da kalmar sannu, ina ganin so nake nuna masa. Na ɗauke masa duk abin da zai tuna masa ko shi wane ne, na bar masa ciwon kaɗai ya zauna da shi. Wanda ya tashe shi kuwa shi ne wanda ya ƙi ganin majinyaci, ya shigo ya ga Dogo. Yanzu in na je dubiya sannu ɗaya nake yi, daga nan sai in nemi abin da za mu yi musu a kai. Samarin rumfa kuma in sun kaure da gardamar zakarunsu da ba su taɓa gamuwa ba, nakan dama fura in aika musu, in ce su ci gaba.